Shakkar da Ke Barin Mutum Shi Kaɗai

Duk wanda ya bi titin Malam Madori zuwa Haɗejiya da tsakar rana a watan Afrilu ya taɓa ganin ruwa kwance a kan kwalta. Yana can gaba yana sheƙi, har hoton motar da ke tahowa yakan faɗa cikinsa a kife. Da an iso wurin sai a tarar da kwalta a bushe ƙayau, ruwan ya ƙara gaba. Direba ba ya ko rage gudu, ya san ƙawalwalniya ce. Amma a lura da abu ɗaya: ido bai ce "wataƙila ruwa ne" ba. Yadda yake nuna ruwan fadama na gaske, haka ya nuna wannan, ba inda-inda. To mai shaidar da ke faɗin ƙarya da muryar da yake faɗin gaskiya, ta yaya za a gane ranar da ya faɗi wacce?

Daga wannan 'yar tambaya masana falsafa suka ja zare har suka kai wani wuri mai ban tsoro. Ga yadda maganar take. Duk abin da na sani game da duniya ta hanyar gani da ji da taɓawa da shaƙa da ɗanɗano ya iso gare ni, waɗannan kuwa sukan yaudare ni. A mafarki nakan ga kasuwa cike maƙil, in yi ciniki, a cuce ni, in ji haushi, alhali ina kwance kan tabarma ba kowa a ɗakin. Saboda haka abu ɗaya tak ne ba zan iya shakkarsa ba, wato ni ɗin nan mai gani, mai jin haushin. Saura kuwa, daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garinmu har uwar da ta haife ni, abubuwa ne da ke gilmawa a cikin hankalina, ba ni da hanyar fita daga kaina in leƙa ko akwai wani abu a bayansu. Turawa suna kiran wannan solifsizim. Mu kira shi ra'ayin ni-kaɗai.

Masu wannan magana ba bakinsu ɗaya ba. Akwai mai sassauci da ke cewa bai musa akwai wasu ba, yaƙini ne dai ba shi da shi a kansu irin wanda yake da shi a kan kansa. Akwai kuma mai tsanani da ya ce babu kowa, babu komai, sai shi. Na biyun nan da wuya a nuna wani sanannen masanin falsafa da ya riƙe shi da gaske har ya mutu a kai. An fi tsoratar da abokin jayayya da shi, a ce masa ka ga inda maganarka za ta kai ka. Na farkon ne mai nauyi, shi ne ya hana manyan mutane barci.

Da yawanmu in suka ji irin wannan sai su ce shirmen Turawa ne, na waɗanda suka ƙoshi suka rasa aikin yi. Tarihi bai goyi bayansu ba. Imam Gazali, wanda Ihya'u ɗinsa ke cikin littattafan da malaman ƙasar Hausa suka fi girmamawa, ya shiga wannan hali fiye da shekara 500 kafin Dekart, Bafaranshen da ake jingina wa maganar, ya ɗauki alƙalami. An haife shi a Ɗus, ƙasar Farisa, a 1058, ya koyar a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya rasu a 1111. A littafinsa Al-Munƙizu minal Dalal, wanda ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa, ya ba da labarin yadda ya zauna ya tankaɗe iliminsa, yana neman sanin da shakka ba za ta iya kusantarsa ba. Ma'aunin da ya kafa mai tsauri ne. Yana son sani irin na cewa goma ta fi uku yawa, wanda ko wani ya mai da sanda maciji a gabanka don ya gamsar da kai cewa uku ce ta fi, iyaka ka yi mamakin yadda ya yi, lissafinka na nan daram.

Da ya auna abin da ya sani da wannan ma'auni, sai ya ga saura abu biyu: abin da gaɓoɓi suka riska, da abin da hankali ya hukunta tilas. Ya fara da ido tun da shi ne mafi ƙarfi. Ido yana ganin inuwa a tsaye cik, bayan wani lokaci sai a gane ashe tafiya take yi kaɗan-kaɗan. Ido yana ganin tauraro kamar girman dinari, lissafin masana kuwa ya nuna ya fi ƙasa girma. Ido ya faɗi ke nan, hankali ne ya kayar da shi. Sai wata tambaya ta taso masa wadda ta fi ta farko ciwo. In hankali ya ƙaryata ido, me zai hana a sami wani alƙali a bayan hankali, wanda in ya bayyana shi ma zai ƙaryata hankalin? Mai barci yana gaskata mafarkinsa har sai ya farka. Wa ya ce wannan farken namu ba barci ba ne in aka gwada shi da wani hali da ke gaba?

Kusan wata biyu ya yi haka, a faɗarsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya ce ya fita. Bai ce ya samo hujja ba. Ai ba zai yiwu ba, don kowace hujja da kayan hankali ake gina ta, hankalin kuwa shi ne a gaban shari'a. Cewa ya yi Allah ne ya jefa masa haske a ƙirji, amincewarsa da hukuncin hankali ta dawo. Wato gwanin jayayya kamar Gazali ya yarda cewa wannan shakka ba a kayar da ita a filin da ta zaɓa wa kanta.

Gazali dai bai ce shi kaɗai ne ba, shakkarsa ta fi haka faɗi. Wanda ya nuna cewa "ni" yana saura ko an kwashe komai shi ne Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037. A littafin Shifa ya ce mu ƙaddara an halicci mutum farat ɗaya, cikakke, an rufe masa ido, yana shawagi a sarari, ba iskar da ke taɓa shi har ya ji, gaɓoɓinsa a ware ba wadda ke taɓa wata. Ba ya gani, ba ya ji, bai san yana da hannu ko ƙafa ba. Shin zai san akwai shi? Ibn Sina ya ce zai sani. Manufarsa ita ce ya nuna rai daban, jiki daban, amma ya bar wa na baya wani makami: sanin kai ba ya jiran sanin komai.

Rene Dekart na Faransa ne ya haɗa waɗannan zaruruwa biyu a littafinsa na 1641. Ya ce a ƙaddara akwai wani mugun aljani mai iko da ya duƙufa wajen yaudararsa a kan komai, sama da ƙasa da jikinsa da lissafi. To ko yaudarar ma sai da wanda ake yaudara, saboda haka mai shakka ba zai iya shakkar samuwar kansa ba a lokacin da yake shakkar. Har ya kawo misalin mai leƙe ta taga da ke cewa ya ga mutane suna wucewa, alhali huluna da riguna kawai idonsa ya gani, waɗanda za a iya ɗora wa na'ura. Dekart ya fito daga wannan kaɗaici ta hanyar kafa hujja cewa akwai Ubangiji kuma ba ya yaudara. Masu karatunsa na baya da yawa sun karɓi shakkar, suka ƙi karɓar hujjar fita. Daga nan matsalar ta zauna daram a falsafar Turai.

Malaman tauhidi ba su jira Dekart ba. Aƙidar da Imam Nasafi ya rubuta, wanda ya rasu a 1142, wadda aka yi ƙarnoni ana karantarwa a Azhar da sauran manyan makarantu, ba da siffofin Allah ta buɗe ba. Ta buɗe ne da tabbatar da cewa abubuwa suna da haƙiƙa kuma ana iya saninsu, saɓanin abin da Sufasɗa'iyya, wato masu musun yiwuwar sani, ke faɗa. Marubucin ya gane cewa in ba a gama da wannan ba, duk abin da za a faɗa daga baya a iska yake. Mai sharhinsa Taftazani, wanda ya rasu a 1390, ya kasa mutanen uku: masu musun haƙiƙar abubuwa ƙiri-ƙiri, da masu cewa haƙiƙa tana bin abin da kowa ya ƙudurce, da 'yan ban-sani-ba, masu shakkar komai har da shakkarsu. Da ya zo kan yadda za a yi da su, sai haƙurinsa ya ƙare. Ya ce muhawara ba ta da amfani da wanda bai yarda da wani sanannen abu da za a ɗora magana a kai ba, maganinsu wuta, ko su yarda ko su ƙone.

Da girmamawa ga Taftazani, wutar nan ba ta amsa wa mai ra'ayin ni-kaɗai komai ba. Zafi ai yana cikin abin da bai taɓa musu ba. Zai yi ihu, in ya huce ya ce: "Na ji zafi, babu shakka. A mafarki ma an taɓa kora ta na ji tsoro." Wutar ta tabbatar masa da abin da ya riga ya sani, wato yana ji. Ba ta nuna masa wanda ya ƙyasta ashana ba.

Abin da ya fi wutar amfani shi ne abin da Nasafi ya faɗa a gaba. Ya ce hanyoyin sani uku ne: lafiyayyun gaɓoɓi, da hankali, da labari na gaskiya. A cikin labarin akwai mutawatiri, wanda jama'a masu yawa suka kawo ta hanyoyi daban-daban har ba zai yiwu a ce sun haɗa baki a kan ƙarya ba. Da shi muke sanin garuruwa masu nisa da sarakunan da suka shuɗe. Ba wanda ke raye yau da ya ga Sarki Buhari na Haɗejiya, ba kuma Bahaɗejen da ke shakkar an yi shi.

Mu kawo abin kusa. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. An datse na farko a Tiga a 1974, na biyu kuma a yankin Ƙaraye a 1992. Tun daga nan zuwan ruwa a fadamun wannan ƙasa ya daina bin damina kaɗai, ya koma bin hannun masu buɗe ƙofar dam. Ruwan da ba ya janyewa da rani ya ba kachala damar yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wuraren su da noma. Akwai manomin shinkafa da bai taɓa taka Tiga ba, bai san sunan ma'aikaci ko ɗaya a can ba. Amma direbobi sun faɗa masa, rediyo ta faɗa, 'yan ci-rani sun faɗa, ruwan da kansa ya iso gonarsa a lokacin da ba a yi ko ɗigon sama ba. Ka je ka ce masa ba shi da yaƙini akwai Tiga, ka ji abin da zai faɗa maka. Mutanen ƙasan kogi ba su taɓa shakkar akwai na sama ba. Ko na saman suna tunawa da na ƙasa, wannan wata magana ce, ba kuma ta falsafa ba.

Sai dai a yi adalci, mai ra'ayin ni-kaɗai yana da amsa a nan ma. Zai ce direban da rediyon da ruwan duk cikin mafarkinsa suke. Mutawatiri sai da jama'a, jama'ar kuwa ita ake tambaya a kanta. Gaskiyarsa. Duk hujjar da ka ɗebo daga duniya, zai tura ta cikin abin da yake shakka. Shi ya sa ba a taɓa rusa wannan ra'ayi da hujja irin wadda yake nema ba, ba kuma za a rusa shi ba.

To sai mu sallama? A nan nake ganin ɗan littafin da ke zaurukanmu ya fi manyan littattafai kaifi. Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wadda ɗaliban tauhidi a Afirka ta Yamma suka daɗe suna haddacewa, ta fara da kasa hukuncin hankali gida uku: wajibi, wanda hankali ba ya sawwala rashinsa, mustahili, wanda ba ya sawwala samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. A ɗora maganarmu a kan wannan. Iyakar abin da mai ra'ayin ni-kaɗai ya nuna shi ne rashin samuwar wasu ba mustahili ba ne a hankalce. To wa ya musa? Ai ko a wurin malaman tauhidi duk wani abin halitta ja'izi ne. Amma yiwuwar abu ba ta zama dalilin aukuwarsa. Yana yiwuwa a hankalce a ce daren jiya an ɗauke Malam Madori an ajiye wani gari sak irinsa, har da ramukan titi. Ba ni da hujjar da za ta mai da wannan mustahili, ba ni kuma da ƙwayar dalilin da zai sa in ɗauka haka aka yi. Dabarar wannan ra'ayi ita ce ya kafa sharaɗi cewa ba a kiran abu sani sai kishiyarsa ta zama mustahili, sannan ya nuna kusan babu abin da ya cika sharaɗin. Laifin na sharaɗin ne. Ba alƙali, ba likita, ba mai awon hatsi da ya taɓa aiki da shi, kuma ba wanda ya ce ba su san aikinsu ba.

Duk da haka akwai wani ɓangare na maganar da ba na son a yi masa riƙon sakainar kashi, don gaskiya ce tsantsa. Ciwon haƙorinka ba zan taɓa jin sa ba. Ina ganin kumatunka a kumbure, ina jin nishinka, amma zafin kansa naka ne kai kaɗai. Bahaushe ya san haka, shi ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ne kuma ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Karin maganar biyu kamar suna karo, amma a tsakaninsu matsalar take: ciki a rufe yake, duk da haka muna karanta shi. Da wane iko?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ƙiyasi. Kunama ta harbe ni, na ji zafi, na yi ihu. Ga wani ta harbe shi ya yi ihu, saboda haka shi ma ya ji zafi. Raunin wannan a fili yake, don daga misali ɗaya tilo, wato ni, aka yanke hukunci a kan biliyoyin mutane. Abin da ya fi haka ma, ba wanda ke yin wannan lissafi. Uwar da ta ji kukan jaririnta da tsakar dare ba ta jera muƙaddima, ta riga ta miƙa hannu.

Binciken masana halayyar yara ya ƙara haske a nan. A 1983 wasu masana biyu a ƙasar Ostiriya, Wima da Fana, suka fito da wani gwaji da kowa zai iya yi a tsakar gida. A gaban ƙaramin yaro, yayarsa ta ajiye ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin kwano ta fita. Kafin ta dawo sai a ɗauke a mayar cikin kwando, yaron yana kallo. Sai a tambaye shi, in Yaya ta dawo ina za ta duba? 'Yan shekara uku yawanci kwandon suke nunawa, don a ganinsu abin da suka sani kowa ya sani. Sai wajen shekara huɗu zuwa biyar yaro ke nuna kwanon, ya gane cewa Yaya tana ɗauke da nata sanin, wanda ya saɓa da nasa. An maimaita irin wannan a tsakanin yaran Baka na dajin Kamaru a 1991, aka sami kwatankwacin haka. Abin lura shi ne yaro ba ya farawa a kaɗaice sannan ya gano akwai wasu. A cikin mutane yake buɗe ido, a bayan uwa, a hannun kaka. Abin da yake koya daga baya shi ne cewa zuciyarsa daban, tasu daban. Kaɗaicin da Dekart ya ɗauka mafari, ashe sai an yi wayo ake isa gare shi.

Daga nan hujjar da na fi gamsuwa da ita take tasowa. Mai cewa shi kaɗai ne, da wane harshe yake faɗa? In da Hausa ne, wani ya koya masa, ya yi kuskure aka yi masa dariya, aka gyara masa. Ludwig Witginstain, a littafinsa da aka buga a 1953 bayan rasuwarsa, ya tambaya ko mutum zai iya ƙirƙiro harshen da shi kaɗai zai iya fahimta, mai kalmomin da ke nuni ga abin da yake ji a ciki kawai. Ya nuna cewa a irin wannan harshe babu bambanci tsakanin yin daidai da zaton an yi daidai, tun da babu wani ma'auni a waje da za a koma masa. Inda kuwa babu wannan bambanci, kalma ba ta riƙe ma'ana. Haka kalmar "mafarki" take. Mun san ta ne don mun farka, an ce mana muna ta sambatu cikin dare. Ƙawalwalniya ma da ido aka gano ƙaryarta, da aka matsa kusa. Wanda ya ce wataƙila duk mafarki ne ya ari bambancin barci da farke daga duniyar da yake musu, ya yi aiki da shi, sannan ya ce bai san mai shi ba.

Batrand Rasel na Ingila ya ba da wani labari a littafinsa na 1948. Wata masaniyar mantiƙi 'yar Amurka, Kiristin Lad-Faranklin, ta rubuto masa wasiƙa cewa ita mai ra'ayin ni-kaɗai ce, tana kuma mamakin yadda ba a sami wasu masu irin ra'ayinta ba. Rasel ya ce mamakin nata ne ya ba shi mamaki. Shofenhawa na Jamus kuwa ya kwatanta ra'ayin da wani ɗan sansani a bakin iyaka da ba a iya cin sa da yaƙi, amma dakarunsa ba sa iya fitowa, saboda haka sai a wuce a bar shi a baya ba tare da fargaba ba. Mutanen da suka gaji ganuwa sun san garin da ba a shiga ba a fita, ba sai an yaƙe shi ba.

Da sai in ce maganar ta tsaya nan, in ba don wayar da ke aljihunmu ba. A 1950 Alan Turing ya rubuta maƙala kan ko na'ura za ta iya tunani. Da aka ce masa ba a san na'ura tana ji ba sai an zama ita, ya amsa cewa in aka bi wannan ƙa'ida, ba a san mutum ma yana tunani ba sai an zama shi, wanda kuwa shi ne ra'ayin ni-kaɗai. Mu dai mun saba yi wa juna karamcin ɗauka cewa kowa yana tunani. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, huluna da rigunan Dekart sun tashi daga misali. Ɗalibi a Kafin Hausa zai rubuta wa manhaja damuwarsa, ta amsa masa da lafazi mai taushi, har ta ce ta tausaya masa. A da, magana mai ma'ana ta isa shaida cewa akwai mai zuciya a bayanta. Yanzu wannan shaida ta yi rauni, kuma tambayar ta juya: a da ana tsoron a ɗauki mutum na'ura, yau a ɗauki na'ura mutum. A ganina wannan ya nuna cewa ba magana kaɗai ta sa muka yarda da juna ba. Jiki ɗaya gare mu, haihuwa ɗaya, yunwa ɗaya, mun yi jinyar juna, mun binne juna. Manhaja ba ta da ko ɗaya a ciki.

Saura abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai tambayar ɗalibi, akwai kuma ciwo. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wani hali da mutum ke jin duniya ta zama kamar hoto, mutane kamar 'yan wasan kwaikwayo, shi kansa kamar yana kallon kansa daga gefe. Tsananin fargaba yana jawo shi, haka mummunan tashin hankali, da rashin barci, da shan wiwi. Akwai kuma mai waswasi da tambaya ɗaya ke maƙale masa, ya amsa ta dawo, ya amsa ta dawo. Irin wannan ba hujja yake buƙata ba, ƙarin hujja ma ƙara masa wuta take yi. Fiƙihun Malikiyya ya gane wannan tuntuni. Ko a Ahalari, wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta warware sai ya sake, amma mai waswasi an ɗauke masa, an ce ya yi watsi da shakkar. Malaman sun bambance shakkar da ke da dalili da wadda ta zama cuta.

Tambayar ɗalibi kuwa haƙƙinta amsa. Ƙasar nan ba baƙuwar falsafa ba ce. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Nana Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864 ya kuma zauna a Salame, ya yi rubuce-rubuce a falsafa ba tare da an kore shi daga Musulunci ba. Shi kansa Shehu ya yi raddi ga ɗaliban ilimin kalam da ke kafirta talakawa don ba su iya jera hujjojin tauhidi ba. Wato an bar wa mai bincike bincikensa, an bar wa manomi yaƙininsa, ba a ce ɗayansu ya ɓata ba. Yau kuwa yaro zai ga wani ɗan bidiyo a waya yana cewa wataƙila duniya duk shirin kwamfuta ce, abin ya tsaya masa a rai, ya zo ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, yaya aka yi na san ba mafarki nake yi ba?" Sau da yawa abin da zai samu shi ne tsawa, ko a ce boko ya taɓa masa kai. Daga ranar ya daina tambayar malam, ya koma tambayar waya.

Hukuncina a kan ra'ayin ni-kaɗai shi ne ba a iya rusa shi, ba kuma dalilin riƙe shi, kuma wanda ya bi shi a hankali har ƙarshe zai fito ya fi sanin abin da ake nufi da yaƙini. Ina roƙon malamanmu na zaure da na aji, daga Malam Madori har Birniwa, in yaro ya kawo wannan tambaya a zaunar da shi a ba shi labarin wata biyun Gazali, a buɗe masa hukunce-hukuncen hankali uku da ke farkon littafin Sanusi. In kuwa aka ga abin ya wuce tambaya, ya daina ci, ya daina barci, yana cewa mutanen gidan ba na gaske ba ne, to a bar muhawara a kai shi asibiti.